Watan Cika-ciki, Janairu da Taurarin Manomi

 

 An nemi in yi magana a kan watan farko na shekara, da bukukuwansa, da abin da masu duban taurari ke faɗa a kansa, da al'adun da muka taras. Da aka kawo mini batun, abin da na fara tambaya shi ne: wace shekarar? Domin mutumin Wunti, a nan Bauchi, da lissafi iri uku yake rayuwa. Idan zai biya kuɗin makaranta ko hayar shago, Janairu yake dubawa. Idan zai yi azumi ko layya, jinjirin wata yake jira. Idan kuma yana da 'yar gona a bayan gari, to akwai lissafi na uku wanda kakansa ya yi aiki da shi, na taurari, wanda yau da wuya ka sami saurayi ɗaya cikin taro irin wannan da zai iya kawo maka shi.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A shekarar 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Muharram na 1396 ya kama a kwanakin farko na Janairu, watannin farko guda biyu suka haɗu wuri ɗaya. Ina yaro lokacin. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da garin nan, ƙafafunmu duk faso, kaka tana shafa mana man kaɗe da dare. A madafarta, saman murhu, akwai wata igiya da aka rataye wutsiyar ragon layya da ƙashin baya da 'yan guntayen nama, wata guda cur suna shan hayaƙi har sun yi baƙi ƙirin. Ba wanda ya isa ya taɓa. Ran tara ga wata kaka ta sa aka sauke, aka wanke da ruwan zafi, aka zuba a babbar tukunya da daddawa da kuka. Da magariba aka jera kwanonin tuwo a tsakar gida, fiye da yawan mutanen gidan, domin rabinsu fita za su yi: wannan na gidan liman, wannan na gwauruwar da ke bayanmu, wancan na almajirai. Mu kuma aka zaunar da mu, aka ce ku ci. Ka ci ka ce ka ƙoshi, ta ƙara maka malmala, ta ce wanda bai cika cikinsa yau ba haka zai ƙare shekara da yunwa. Ban manta ɗanɗanon hayaƙin nan a miya ba har yau.

Wannan shi ya sa Bahaushe bai cika cewa Muharram ba, sai ya ce watan Cika-ciki. Haka ya yi wa sauran watanni, ya raɗa musu suna da abin da ake yi a cikinsu: Rajab watan Azumin Tsofaffi, Ramadan watan Azumi, Shawwal watan Ƙaramar Salla, Zulhajji watan Layya. Wanda bai taɓa zama gaban allo ba ma ya san inda shekara take, domin sunan watan kansa yana gaya masa.

Al'adar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Maroko har yanzu ana ajiye busasshen naman layya, musamman wutsiya, don a dafa ranar Ashura, wato goma ga Muharram. A Senegal suna kiran ranar Tamkharit, a kwana ana cin dambun gero. A garin Epe na Jihar Legas akwai bikin Kayokayo, ma'anarsa a ci a ƙoshi, kusan fassarar cika-ciki ke nan. Dagombawa a arewacin Gana suna fitowa da wutar ciyawa a daren tara ga watan, suna kiran bikin Bugum. Turkawa kuwa wani kunu suke damawa da alkama da wake da busassun 'ya'yan itace, su rarraba wa maƙwabta, suna danganta shi da labarin da ake bayarwa cewa da jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, sai aka tattara ragowar guzuri aka dafa a tukunya ɗaya. Wannan yana nuna mana cewa abin ya biyo hanyar malamai da fatake ne, ya ratso Sahara tare da littattafai, kowace ƙasa ta zuba masa irin nata gishirin.

To mene ne matsayinsa? A nan nake so mu yi adalci, don na ga ɓangarori biyu duk sun wuce gona da iri. Abin da ya tabbata a watan nan sananne ne. Yana cikin watanni huɗu masu alfarma, tare da Zulƙida da Zulhajji da Rajab. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya azumci goma ga wata, ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, ya kuma nuna niyyar haɗawa da tara, wato Tasu'a. An ruwaito cewa azumin Ashura yana kankare zunubin shekarar da ta gabata. A wannan rana ce kuma, a shekara ta 61 bayan Hijira, daidai da 680, aka kashe jikansa Sayyidina Husaini a Karbala, abin da ba Musulmin da zai tuna zuciyarsa ba ta sosu ba. Shi kuwa hadisin da ke maganar yalwata wa iyali ranar Ashura, malamai sun yi saɓani a kansa tun da daɗewa, wasu suka raunana shi, wasu suka ga hanyoyinsa suna ƙarfafa juna. Saboda haka wanda ya ce cika-ciki farilla ce, ko ya tsorata yara cewa wanda bai ƙoshi ba ya shiga uku, ya faɗi abin da ba shi da dalili a kai. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta yi kuskure a wannan. Amma wanda ya tashi ya haramta wa mutane dafa tuwo su kai wa maƙwabci, shi ma ya ɗora wa jama'a abin da ba a ɗora musu ba. Ni ra'ayina, a ci gaba da dafawa, a ci gaba da rabawa, a kira shi da sunansa na al'ada, a cire masa camfin. Kuma a tuna cewa azumin shi ne asali. Akwai gidajen da aka riƙe tukunyar aka saki azumin, wannan kam an yi asara.

Akwai wani abu na watan nan da ya fi cika-ciki saurin ɓacewa, kuma shi na fi jin takaicinsa, wato kuɗin shara. Washegarin cika-ciki abokan wasa ke bin juna. Taubashi ya tare taubashinsa a ƙofar gida, jika ya tsare kakarsa, a yi ta zolaya har sai an ba da 'yan kuɗin. Haka tsakanin ƙabilu da garuruwa: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, a lokacinmu kwabo ne ko sisi. Abin da ke ciki shi ne, sau ɗaya a shekara dole ka nemi ɗan gwaggonka ka same shi, ko da kuna 'yar tsama. Mutum biyu da suka yi wata shida ba sa ga maciji, ranar shara ɗaya zai cafke rigar ɗaya yana dariya, shi ke nan magana ta mutu, ba a je gaban mai unguwa ba. A gari irin Bauchi, inda Gerawa da Fulani da Jarawa da Hausawa da Barebari da wasu da dama suke zaune cikin ganuwa ɗaya tun zamanin Malam Yakubun Bauchi, irin wannan wasa yana cikin abubuwan da suka riƙe zaman tare. Yau ɗan shekara ashirin bai san wane ne taubashinsa ba, balle ya bi shi shara.

Shi lissafin Hijira, an tsayar da shi ne a zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 17, aka ɗauki shekarar ƙaura daga Makka zuwa Madina, 622, a matsayin mafari, aka sa Muharram a gaba domin shi ke biyo bayan dawowar alhazai. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Shi ya sa Muharram ba ya zama wuri ɗaya. Cika-cikin da na ba ku labari a tsakiyar hunturu aka yi shi. Muharram na 1445 a watan Yuli na 2023 ya shigo, na 1447 a ƙarshen Yuni na 2025, ana tsakiyar noma. Sai ya yi kamar shekara 33 kafin ya koma inda ya taso, shi ya sa a 2008 ya sake faɗowa cikin Janairu, har ma shekarar ta ga shigowar Muharram sau biyu, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta. Wannan yawo rahama ce ga mai ibada, domin wanda ya yi tsawon rai zai azumci Ramadan a zafi da sanyi duka. Amma ga manomi matsala ce. Ba za ka ce wa mutum ya yi shuka a Rajab ba, don Rajab na bana ba shi ne lokacin Rajab na shekara goma baya ba.

A nan ne lissafin taurari ya shigo, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Malamanmu na zaure sun karɓi lissafin masaukai 28 daga littattafan Larabawa, suka daidaita shi da ƙasarmu. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ban da Jabha mai 14, idan ka tara sai ka sami 365, shekarar rana cif. Sun raba su gida huɗu, bakwai-bakwai: na bazara, na damina, na kaka, na ɗari. Taurarin damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, suna farawa wajen ƙarshen Mayu. Janairu kuwa yana faɗowa tsakiyar taurarin ɗari, daga Balda zuwa su Sa'adu, lokacin da sanyi ke kai maƙura, tsofaffi su kwana da kaskon wuta, masu lambu a bakin fadama su ji daɗin albasa da tumatir da alkama.

Na san wani dattijo, maƙwabcin mahaifina, ba ya karanta boko ko harafi ɗaya. Idan ruwan farko ya sauka samari suka ɗauki sungumi, sai ya zauna a dakalinsa ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga, ya ce musu ku dakata, har yanzu muna cikin taurarin bazara, wannan ruwan na yaudara ne. Wanda ya ji ya tsira da irinsa. Wanda ya ƙi, sau da yawa sai ya yi shuka biyu. Da asuba yakan fito ya nuna mana Gamzaki, da dare ya nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda malamai ke kira Surayya, ya ce idan ta ɓace daga sama da yamma to a fara gyaran gona. Bai taɓa cewa tauraro ne ke kawo ruwa ba. Cewa yake Allah ya saba saukar da ruwa a lokaci kaza, ga kuma alamar lokacin a sama. Wannan ilimi ne na lura da ƙirga, irin wanda hukumar NiMet ke yi yau da na'urori idan ta fitar da hasashen damina a farkon shekara. Magabata sun ambaci amfanin taurari: ado ne ga sama, kuma alamu ne da matafiyi ke gane hanya da su. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro da Buzayen da ke ratsa hamada da gishiri, da su suka yi tafiyar dare.

Sai dai a gefen wannan ilimi akwai wani abu da ya daɗe yana raɓe da shi, wato duba. Da shekara ta kama za ka ji ana cewa ta shigo ranar kaza, saboda haka za a yi mutuwar manya, ko tsadar hatsi, ko yawan ɓari. Wani ya haɗa sunanka da na mahaifiyarka a lissafin abajada, ya fitar maka da buruji, ya ce kai na wuta ne ita ta ruwa, aurenku ba zai yi ƙarko ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, masanin lissafi ne da har yau masana ke jinjina wa aikinsa na 1732 a kan hatimi, kuma ya yi rubutu mai yawa a kan taurari da asirai. Ilimin ƙidaya da na duba a hannu ɗaya suka riƙa tafiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malamin da ya ba Yakubun Bauchi tuta, ya yi ta yaƙar duba da camfin ranaku a wa'azinsa da rubuce-rubucensa, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya keɓe littafi guda a kan nisantar masu siddabaru da masu duban taurari. Hujjarsu a fili take. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah ya bambanta wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, shi da kansa ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ba ruwansu da mutuwar wani ko haihuwarsa. Uba ne cikin baƙin cikin rashin ɗa, amma bai bar camfi ya wuce ba.

Ina da 'yar'uwa da aka fasa aurenta saura mako uku, an riga an kai kaya, saboda wani mai duba ya ce taurarinsu ba su jitu ba. Yaron mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ta yi shekaru tana fama da abin a ranta. Mutumin da ya yi wannan hisabi ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, bai san ma yadda ta ƙare ba. Duk lokacin da na ji ana cewa ai duba ba ta cutar da kowa, ita nake tunawa.

Yanzu abin ya sake riga ya dawo ta waya. 'Ya'yanmu mata musamman, za ka ji yarinya tana cewa ita tauraronta kaza ne, don haka take da zuciya, ko don haka ba ta jituwa da wance. A ƙarshen Disamba kuwa Facebook da TikTok cika suke da masu gaya maka abin da sabuwar shekara ta tanadar maka. Masu wannan lissafi sun ce wanda aka haifa daga 22 ga Disamba zuwa wajen 19 ga Janairu ɗan burujin Jadyu ne, na bayansa kuma Dalwu. To ga abin da masana sararin sama suka tabbatar. An tsara waɗannan kwanaki fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ita kuwa duniya tana ɗan layi a kan ƙafarta kamar katantanwar yara idan ta kusa faɗuwa, tana gocewa daraja ɗaya cikin kowace shekara 72. Gocewar ta taru har ta kai kusan buruji guda. A yau, wanda aka haifa ran 5 ga Janairu, rana tana gaban taurarin Ƙausu ne lokacin haihuwarsa, ba Jadyu ba. Ko a ma'aunin masu abin, lissafin ya riga ya kauce. Abin da ke ba ni ciwo shi ne mun saki ɓangaren da ke da amfani, wanda ke hana manomi asarar iri, mun rungumi wanda ba ya tsinana komai sai raba mutane.

Shi Janairu ba sai na daɗe a kansa ba. Sunansa daga Janus ne, wani abin bautar Rumawa mai fuska biyu, ɗaya na kallon baya ɗaya gaba. Julius Kaisar ya gyara kalandar, Fafaroma Gregory na 13 ya sake gyara ta a 1582, Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, daga nan ta iso mana tare da Turawan mulki. Ran 1 ga Janairu na 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, ran 1 ga Janairu na 1973 naira ta maye gurbin fam. Mu mutanen Bauchi muna da namu tabon a watan: ran 15 ga Janairu na 1966, cikin watan azumi, aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, filin wasan da ke kusa da mu kuma sunansa yake ɗauke da shi. Maƙwabtanmu Kiristoci suna kwana a coci daren 31 ga Disamba suna addu'a, mu yi musu fatan alheri kamar yadda suke yi mana barka da salla. Kalandar ce ta aiki da albashi da makaranta, ba mai cewa a jefar da ita. Gwamnatin tarayya tana ba da hutu ran 1 ga Janairu, ba ta bayarwa ran 1 ga Muharram, sai dai jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato su bayar da kansu. Ina goyon bayan masu neman a daidaita. Amma hutun ba zai amfane mu da komai ba idan aka tsayar da mutum a Kasuwar Wunti aka ce yau nawa ga wata, ya rasa amsa sai ya ciro waya. Mai Alfarma Sarkin Musulmi yana da kwamitin ganin wata da ke sanarwa kowane wata, ba na azumi da salla kaɗai ba. Mu nawa ne muke saurara in ba Sha'aban ya zo ƙarshe ba?

Ga roƙona. Malaman islamiyya da na boko, ku riƙa rubuta kwanan wata biyu a kan allo kowace safiya. Iyaye mata, idan tara ga wata ta zo ku dafa, ku aiki yara da kwano gidan wanda kuka san ba a ɗora tukunya ba, ku gaya musu wannan al'ada ce ta kyautatawa, ku tashe su sahur su yi azumin. Ku nuna wa kowane yaro taubashinsa. Ku kuma ɗalibai, musamman na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke karanta aikin gona, dattawan da suka san taurarin nan 28 da abin da ake yi a gona a ƙarƙashin kowanne ba su da yawa yanzu, kuma kullum raguwa suke. Akwai su a Wunti, akwai su a Jahun da Nasarawo da ƙauyukan da ke kewaye. Ku ɗauki littafi da biro, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce Baba a ƙirga mana, ku rubuta kafin damina mai zuwa.

 Allah ya sa mu ga watan lafiya, ya karɓi ibadunmu.